Ba sadaki ne ke karya ango ba

A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, kuma sau da yawa shi ne mafi sauƙi cikin hidimar aure. Lefe ne ke cinye aljihun ango: atamfofi, leshi, takalma, har da akwatunan kansu. Iyayen amarya kuwa kayan ɗaki da gara ke jiransu.

Ma'aikacin da albashinsa bai yi wa naira 70,000 nisa ba, ya kamata ya fara ware kuɗin hayar shekara, domin mai gida ba ruwansa da biki. Lefe ana iya tara shi sannu a hankali da kwasar adashe. Dina da zauren taro, waɗanda kan jefa ango cikin bashi, sai in an sami rara.