Helikofiriyon: kifin da haƙoransa suka rikita masana fiye da shekara ɗari

Kifin shak da danginsa ba su da ƙashi a jiki, guringuntsi ne ke riƙe da su. Guringuntsi kuwa ruɓewa yake yi bayan mutuwa, da wuya ya daɗe har ya zama dutse. Shi ya sa yawancin kifayen wannan dangi da suka shuɗe tun kafin zuwan ɗan Adam, haƙoransu kaɗai suka bar mana.

Helikofiriyon, ɗaya daga cikin kifayen wannan dangi, ya rayu a tekunan duniya kimanin shekara miliyan 290 zuwa 270 da suka wuce, tun ba a yi dinoso ba. A 1899 masanin duwatsu na Rasha, Alexander Karpinsky, ya raɗa masa suna bayan ya nazarci wani dutse daga yankin tsaunukan Ural. A jikin dutsen akwai haƙora jere a naɗe kamar gammo, ƙanana a tsakiya, manya a bakin waje. To, a ina kifin ke ɗauke da wannan abu? Karpinsky ya ɗora shi a saman hanci. Wasu suka mai da shi gadon baya, wasu wutsiya. Ban ga laifinsu ba, domin ba su samu kan kifin ba, ba su samu jikinsa ba, sai haƙora tsurarsu.

Sai a 2013 Leif Tapanila na Jami'ar Jihar Idaho a Amurka da abokan aikinsa suka warware zancen. Sun saka wani dutse da aka haƙo a Idaho, wanda guringuntsin muƙamuƙi ya tsira a cikinsa, a na'urar ɗaukar hoton ciki irin ta asibiti. Ashe naɗin haƙoran a cikin baki yake, a tsakiyar muƙamuƙin ƙasa. Shak yakan zubar da tsofaffin haƙora, wannan kuwa ba ya zubarwa. Sabon haƙori ya fito daga baya, tsohon ya matsa gaba, ya lanƙwashe ya shige tsakiyar naɗin, har na ƙuruciyarsa suna nan a ciki. In ya rufe baki, haƙoran kan ja abincin zuwa ciki suna yankawa, kuma masana na ganin dabbobin teku masu laushin jiki yake ci.

Binciken ya kuma nuna ba shak ba ne na haƙiƙa. Ya fi kusa da kifayen kimera, waɗanda har yau suke rayuwa a can ƙasan teku mai zurfi.