Kullutun Babban Yatsan Ƙafa: Wane Takalmi Ya Dace?

Kullutun da ke fitowa a gindin babban yatsan ƙafa gocewar gaɓa ce: yatsan ya karkata wajen 'yan uwansa, ƙashin ya turo waje. Sau da yawa gado ne, kuma ya fi kama mata. Takalmi matsattse mai tsinin baki ko doguwar dunduniya yana ƙara tsananta shi.

Mai shiga kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara a Gwaram ya nemi takalmi mai faɗin gaba da fata mai laushi, dunduniyarsa kada ta wuce santimita 5. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a tsaye, a bar tazarar faɗin yatsa a gaba. Idan tsohon takalmi na matsa wurin, baduku zai iya buɗa shi.

Takalmi yana rage zafi, amma ba ya miƙar da ƙashi. Wannan sai tiyata. In ciwon ya hana tafiya, ko gyambo ya ɓulla, musamman ga mai ciwon suga, a garzaya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.