Man Giyar Tarakta: Yaushe Ya Kamata A Canza Shi?

Yawancin masu tarakta da direbobinsu suna kula da man inji, amma kaɗan ne ke tunawa da man giya sai ranar da giya ta ƙi shiga, ko garma ta ƙi ɗagawa a tsakiyar gona. Irin wannan matsala takan auku ne a farkon damina, lokacin da manoma ke jiran a yi musu haro da huɗa. Taraktar da ta kwanta mako biyu a wannan lokaci ta jawo wa mai ita asarar kuɗin haya, ta kuma sa manoma da dama yin shuka a makare.

Aikin man giya

A yawancin taraktocin da ake amfani da su a ƙasar nan, mai ɗaya ne ke aiki a cikin giyabos, da gatarin baya, da na'urar da ke ɗaga garma. A wasu ma har da burkin da ke jiƙe cikin mai. Shi ne ke hana haƙoran giya da boris cin juna, yana kuma rage zafi. Yau da gobe zafi yakan kashe ƙarfinsa, ƙura da ɓarɓashin ƙarfe su taru a cikinsa. Daga nan sai ya koma yana goge ƙarafan da ya kamata ya kare.

A ƙirga awa, ba watanni ba

Ana auna aikin tarakta da awa ne, don haka agogon awa da ke gaban direba shi ne abin dubawa. Kamfanoni sun bambanta: wasu ƙananan taraktoci ana canza musu man giya bayan awa 400, manya kuwa tsakanin awa 1,000 zuwa 1,500. Sabuwar tarakta tana bukatar a canza mata filta da wuri, galibi cikin awa 50 zuwa 100 na farko, saboda ɓarɓashin da sababbin ƙarafa ke zubarwa. Littafin da ya zo da taraktar shi ne zai faɗi adadin da ya dace da ita.

Taraktar haya da ke aikin awa 10 a kullum za ta cika awa 1,000 cikin kwana 100, wato a damina ɗaya. Idan agogon ya lalace, sai direba ya riƙa rubuta awannin aikin kowace rana a littafi.

Alamomin da ba a jira da su

Akwai yanayin da ke sa a canza mai kafin lokacinsa ya cika. Idan aka zaro sandar awo aka ga man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga cikinsa. Wannan ya fi faruwa ga taraktocin da ke aiki a fadamun shinkafa ko waɗanda ke kwana cikin ruwan sama. Idan ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, ya sha zafi fiye da kima. Haka kuma idan garma tana ɗagawa a hankali ko tana karkarwa, a duba yawan man da filtarsa. Ƙurar hunturu ma tana shiga ta bakin bututun tirela, saboda haka a goge shi tsaf kafin a jona.

Yadda ake canzawa

A bar tarakta ta ɗan yi aiki har man ya yi ɗumi, domin ya fita tare da dauɗarsa. A ajiye ta a wuri mai daidaito, a sauke garma ƙasa, a kashe inji. A kwance duk notunan zubar da mai, domin yawanci sun wuce ɗaya. Idan noti yana da maganaɗisu, a duba shi: laushin gari ba abin damuwa ba ne, amma guntayen ƙarfe alama ce ta a kira makanike. A sa sabuwar filta, sannan a zuba irin man da kamfani ya ayyana har zuwa alamar sandar awo. Zuba man da bai dace ba yakan sa burki ƙara, ya kuma lalata famfon ɗaga garma.

Kada a zubar da tsohon mai a gona, ko kusa da rijiya da rafi, domin yana gurɓata ƙasa da ruwan sha. A tara shi cikin jarka mai murfi.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ƙarshen rani, kafin ruwan farko ya sauka. Kuɗin mai da filta bai kai na gyaran giyabos ba, kuma rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona ko ƙwararren makanike mafi kusa.