Daga Tatsuniyar Marar Tabo Zuwa Allon Waya

Duk wanda ya tashi a Kwandiko, ko a wani ƙauye tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, a zamanin da ake shimfiɗa tabarma bayan lisha yara su kewaye kakarsu, da wuya a ce bai ji tatsuniyar yarinyar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, har wani baƙo ya zo jikinsa sumul, ta bi shi, sai da suka yi nisa cikin daji ya rikiɗe ya koma ainihin siffarsa. Abin da ya tuno mini da ita shi ne, mutanen Japan sun ɗauki irin wannan ƙissa sun zuba ta cikin kwamfuta, tana kuwa iya isa ga duk yaron da ke da waya da intanet, alhali iyaye na zaton wasa ne kurum.

Shi wannan abu littafi ne da ake karantawa a kan allo, rubutu na fitowa kaɗan kaɗan, ga zanen mutanen labarin, ga kiɗa da kukan iska da ƙarar ƙyaure. In an kai mararraba sai labarin ya tsaya, a ce wa mai karatu ya zaɓi abin da za a yi, kowane zaɓi kuwa da ƙarshen da yake kaiwa gare shi. Kamfanin Chunsoft na cikin waɗanda suka share fagen, da labarin ban tsoro mai suna Otogirisō a 1992.

Wanda ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne Saya no Uta, na Gen Urobuchi, wanda ya fito a 2003. Wani ɗalibin likitanci ne, Fuminori, iyayensa suka rasu a haɗarin mota, shi kuwa aka yi masa aiki a ƙwaƙwalwa, ya farka yana ganin duniya duka ta zama ruɓaɓɓen nama, abokansa sun zama dodanni, abinci ya zama ƙazanta. A cikin wannan musiba mutum ɗaya tak yake gani da kyakkyawar sura, wata yarinya mai fararen tufafi, Saya, wadda a haƙiƙa ita ce ba bil'adama ba. Da ta yi masa tayin mayar masa da ganinsa, sai a miƙa wa mai karatu hukuncin: ya karɓi lafiya ya rasa masoyiya, ko ya zauna cikin ruɗu tare da ita. A nan hikimar marubucin take, domin yarinyar tatsuniyarmu girman kai ne ya kai ta hannun dodo, shi kuwa wannan baƙin ciki ne da kaɗaici suka kai shi, bayan ya ƙaurace wa duk mai zuwa duba shi. Da na fahimci haka sai na ƙara ganin darajar ta'aziyya da zaman makoki, waɗanda ba sa barin wanda aka yi wa rasuwa ya kwana shi kaɗai da waswasinsa.

Kada kuma a ɗauka mas'alar haɗuwar mutum da wanda ba bil'adama ba baƙuwa ce ga malamanmu. Badruddini Shibli ya tattauna auren mutum da aljan a Akamul Marjan, Shehu Suyuɗi ma, wanda ya taɓa aike wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya kawo ta a Ashbahu wan Naza'ir. An kuma ruwaito cewa mutanen Yaman sun tambayi Imamu Malik a kanta, ya karhanta, don gudun kada mace ta yi ciki ta jingina shi ga mijin ɓoye, fasadi ya yawaita. Fuƙaha'u sun dubi kariyar nasaba, ke nan, marubutan Japan kuwa zuciyar wanda ya faɗa ciki suke tonawa, kuma ba kasafai suke tsayawa inda kunya ta tsayar da mu ba.

Wajibi ne in faɗa a fili cewa Saya no Uta na manya ne ko a ƙasarsa, akwai batsa da zubar da jini har da cin naman mutane a cikinsa, kyan zanen kuwa shi ke sa a ɗauka na yara ne. Sai dai salon kansa ba shi da laifi, tamkar ƙwarya ce, abin da aka zuba shi za a sha. Iyaye su riƙa tambayar sunan abin da yaro ke karantawa a waya. Marubutanmu na littattafan soyayya kuma, waɗanda labarin aljanu bai taɓa yi musu wuya ba, su nemi masu zane da masu ilmin kwamfuta su gina mana namu da Hausa.