Makulli Kafin Ilimi: Halin Sababbin Direbobin Manyan Motoci a Ƙasar Jabo

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta tsaya a Ƙaura Namoda a shekarar 1929, ba ta ƙara matsawa zuwa Sakkwato ba, saboda haka duk abin da ƙasar Sakkwato ta noma ko ta kiwata, da duk abin da take bukata daga bakin teku, a bayan mota yake tafiya. Babbar hanyar da ta fito daga birnin Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da ƙasar Tambuwal, ta faɗa Jega, ta miƙa Koko da Yawuri da Kwantagora har ta haye Kwara a Jabba ta nufi Ikko, ba ta hutawa dare da rana. Yaron da ya tashi a Jabo, ko Dogon Daji, ko wani ƙauye na ƙasar Kebbe, yana ganin tireloli ɗauke da shanun Illela da buhunan albasa da simintin Kalambaina, alhali noman damina ba ya kai gidansu ƙarshen shekara, ba abin mamaki ba ne in ya ƙudura a ransa cewa shi ma wata rana sai ya zauna a bayan sitiyari. Buri ne na halal, kuma sana'a ce mai daraja. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda ake shigar da shi cikinta, da yadda ake mu'amala da shi bayan ya shiga.

A da, ƙofar wannan sana'a ɗaya ce, wato zama karen mota. Uba yakan kai ɗansa wurin direban da aka san shi da natsuwa ya damƙa masa amana, yaro kuwa ya shekara da shekaru yana wanke mota, yana ɗaure tamfol, yana dirowa da gudu ya sa waigi a bayan taya in an tsaya a kan tudu, yana kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kaya, kafin ran nan maigidansa ya ce masa ya matsa da ita gaba kaɗan a cikin tasha. Ba na cewa wannan tarbiyya ba ta da aibu, domin akwai duka da zagi da yunwa a cikinta, kuma da yawa sun tsufa a kan waigi ba a taɓa ba su sitiyari ba. Amma wanda ya fito daga cikinta yakan san motarsa da kunne, ya ji ƙarar inji ya faɗi ciwonsa, ya san kowace kwana da kowane gangare tsakanin Tambuwal da Ilori, kuma akwai wanda zai tsaya masa shaida a ce wane ne ya yaye shi.

Yau wannan tsohuwar hanya ta gajarce, sabuwar da aka tsara kuwa ba ta iso ƙauye ba. A takarda komai yana nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta shar'anta cewa mai neman sabon lasin ya bi ta makarantar koyon tuƙi da ta amince da ita, tirela kuma tana da ajin lasinta dabam da na ƙaramar mota, wato ajin G. A Zariya akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya tun 1986, wadda horar da ma'aikatan sufuri yana cikin aikinta. To, amma galibin makarantun tuƙi a birane suke, kuma da ƙananan motoci suke koyarwa, ɗan talakan da ke Jabo kuwa ba shi da kuɗin zama Zariya. Sai ya zamana abin da ke faruwa shi ne, yaro ya bi mota 'yan watanni, direba ya riƙa miƙa masa sitiyari da tsakar dare in barci ya rinjaye shi, a lokacin da hanya ta fi haɗari kuma babu mai gyara masa kuskure, daga nan mai mota ya ji labarin yana iya ja, ya ga zai karɓi rabin abin da tsohon direba ke karɓa, ya miƙa masa makulli.

Iya jan mota kuwa shi ne mafi ƙanƙantar ilimin tuƙi. Babbar mota birkin iska gare ta, kuma wajibi ne a jira iska ta cika kafin a ɗaga, sannan wanda ya dinga taka birki a dogon gangare maimakon ya rage giya tun daga sama ya bar inji ya riƙe nauyi, birkinsa zai yi zafi ya daina kamawa a daidai lokacin da ransa ya rataya a kansa. Lodin shanu ba ɗaya yake da lodin siminti ba, domin dabba tana motsi, in aka sha kwana da gudu duk su zube gefe guda su kwantar da mota. Man da ke cikin tanka ma haka yake tunkuɗa gaba da baya. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma direbobi da yawa ba a taɓa nuna musu ba. Dokar hanya ta iyakance gudun tirela da tanka a kan kilomita 60 cikin sa'a ko da a kan tagwayen hanyoyi ne. Waɗannan abubuwa kaifin basira ba ya sanar da mutum su, sai dai malami, wanda kuwa bai sami malami ba haɗari ne zai koya masa, in ya rayu.

Sai kuma mu'amalarsa da mai mota, wadda a ganina nan ne tushen ɓarnar yake. Galibi babu takarda, babu shaidu, babu albashi tsayayye, sai dai a ce masa “za a riƙa ganinka”. Akan ƙidaya masa kuɗin gas da na hanya a ƙuntace, daga ciki zai sallami masu karɓar haraji da masu shinge tun daga nan har Kudu, ya ci abinci, ya ciyar da yaransa, in kuma taya ta fashe ko albasa ta ruɓe saboda mota ta kwana uku a daji, a ce daga hakkinsa za a cire. In ya kai ƙarar cewa birki ba ya kamawa, amsar da yakan ji ita ce ya lallaɓa ya je ya dawo, in ya nace a ce masa, “In ba za ka iya ba, ajiye makulli, akwai masu jira.” Kuma gaskiya ne akwai masu jira. Daga nan ne abubuwan da muke zargin direbobi da su suke fitowa: ɗora mutane a kan kaya ko a tsakiyar shanu don a sami na cefane, tafiyar kwana da kwanaki ba barci don a riski kasuwa, da shan ƙwayoyi irin su Tramadol don a danne gajiya. Ban wanke direba daga alhakinsa ba, domin shi baligi ne mai hankali, kuma rayukan da ya ɗauka za a tambaye shi. Sai dai wanda ya ɗaure akuya a gindin rumbu ba shi da bakin yi mata faɗa don ta ci hatsi.

A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana direban babbar mota ya wuce sa'a 4 da rabi yana tuƙi sai ya huta minti 45, ta kuma sanya masa sa'a 9 a yini a bisa al'ada, akwai na'ura a cikin mota mai rubuta duk wannan, kuma in an saɓa har kamfanin ake kamawa. Hikimar da ke ciki ita ce an gane gajiyar direba daga umarnin ubangidansa take farawa. A nan gida ma akwai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF domin wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, amma direban da ba a rubuta sunansa ko'ina ba, in ya karye a Makwa, danginsa ne za su sayar da tumaki su yi jinyarsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu da muke ƙasar Shehu Usmanu ba mu bukatar aron wannan adalci daga kowa. Duk almajirin da ya karanta babin ijara a Risala ko Muhtasar ya san cewa sharaɗin ingancinta shi ne a san aikin, a san ladan, tun kafin a fara, kuma jahiltar lada garari ne mai ɓata ƙulli. Ya san kuma cewa asalin wanda aka ɗauka aiki amintacce ne a kan kayan aikin da aka ba shi, ba a ɗora masa ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ashe ke nan attajirin da yake cire kuɗin tsohuwar taya daga hakkin direbansa, ko yake tura shi da motar da ya san birkinta ya mutu, ya saɓa wa shari'a kafin ya saɓa wa dokar gwamnati, ko da kuwa yana sahun gaba a masallacin Juma'a.

Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfin mutanen Tambuwal da Kebbe ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motoci ta NARTO suna iya yarda a tsakaninsu cewa ba za a yi wa sabon direba lodi ba sai tsohon direba sananne ya shaida ya yaye shi, kuma yana riƙe da lasin ajin motar da zai ja. Ƙananan hukumomi suna iya ɗaukar nauyin wasu samari kowace shekara zuwa horo na gaskiya. Ku iyaye, kafin ku saki yaro ya bi mota, ku san hannun wanda kuka sa shi. Ku kuma masu motoci, ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu, ku faɗi lada, ku faɗi wanda gyara yake kansa, kuma in direba ya ce mota ba ta da lafiya, ku kai ta wurin makaniki kafin ku kai ta wurin lodi.