Shanyewar Ɓarin Jiki: Tsira Allura a Yatsa Ba Ya Buɗe Jijiyar Ƙwaƙwalwa

Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai idan mutum ya faɗi bakinsa ya karkace a tsira masa allura a yatsu jini ya fita, ƙarya ne. Gudan jinin da ya toshe jijiya yana can cikin kai, ɗigon jinin yatsa bai isa ya motsa shi ba. Haka ƙaho da tausa da man zafi. Ɗura masa ruwa ko jiƙo kuwa ya fi muni, domin sau da yawa haɗiya kan gagare shi, sai abin ya bi hanyar huhu.

Maganar a ba shi asfirin a gida tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Shanyewar iri biyu ce: toshewar jijiya da fashewarta. Ido ba ya rarrabe su, sai hoton ƙwaƙwalwa irin na CT. Idan fashewa ce, asfirin ƙara zubar jinin zai yi.

Masu cewa da zarar ta faru shi ke nan, su ma sun yi kuskure. Akwai allurar narkar da gudan jini, alteplase, wadda Amurka ta amince da ita a 1996. Ana yin ta cikin awa huɗu da rabi da farawar ciwon, kuma tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, don haka sai likita ya tantance. Idan babbar jijiya ce ta toshe, allurar kaɗai ba kasafai take isa ba. Nan ake zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin kai, a kamo gudan da ɗan ragar waya ko a zuƙo shi. Gwajin MR CLEAN na ƙasar Holan ya tabbatar da amfaninsa a 2015, a 2018 kuma aka gano wasu marasa lafiya na amfana har awa 24. Wasu ne fa, waɗanda hoto ya nuna naman ƙwaƙwalwarsu bai gama mutuwa ba. Ba lasisin jiran gari ya waye ba ne.

Asibitocin da ke wannan aiki kaɗan ne a ƙasashenmu, abin takaici. Duk da haka, idan kun ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ku duba agogo ku riƙe lokacin, ku kwantar da mutumin ta gefe, ku nufi babban asibiti mai na'urar CT kai tsaye.