Karsanar Aro da Allon Ruga: Yadda Makiyaya Ke Riƙe 'Ya'yan Marasa Shanu

A ruga ba a tambayar mutum abin da ya mallaka, ƙwaryar tatsarsa ake dubawa da safe. Gidan da ke da shanu masu tatsa, yara za su sha su ƙoshi, uwargida ta kai ragowar kasuwa. Gidan da ɓarayi suka kore wa garke, ko sammore ya ƙarar da shi, ƙwaryarsa a kife take kwana. A wata ruga da ke kudancin Jihar Kaduna, kusa da gandun kiwo na Kachia da aka fi sani da Ladduga, irin waɗannan gidaje sun ƙaru tun bayan rikicin zaɓen 2011, lokacin da iyalan Fulani da dama suka baro matsugunansu suka nemi mafaka a yankin. Wasu sun iso da shanunsu, wasu da sanda kawai da 'ya'ya.

Makarantar rugar aji biyu ce. Ɗaya ginin bulo ne mai rufin kwano, ɗayan kuma rumfa ce ta zana da jinka wadda mazan ruga suka yi gayya suka kafa da ɗaki ya yi wa yara kaɗan. Tana cikin makarantun 'ya'yan makiyaya da aka fara buɗewa a ƙarshen shekarun 1980, zamanin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi. A 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedkwata a Kaduna, domin yaran da makarantar boko ta gari ba ta iya kaiwa gare su, na makiyaya da na masunta masu bin ruwa. Dattawan rugar har yanzu suna tuna shirin "Don Makiyaya a Ruga" da ake sawa a Rediyon Najeriya Kaduna, wanda ya sa da yawansu suka fara sakin jiki da boko.

Doka da hukuma sun kawo allo da malami, amma ba su ne ke sa yaro ya zauna a aji ba. Yaron ruga ma'aikaci ne tun yana ɗan shekara bakwai: shi ke kwance 'yan maruƙa daga dangwali, shi ke bin tumaki, yayarsa kuwa tana bin inna da tallan nono. Shi ya sa iyaye da malamai suka zauna a gaban arɗo suka tsara lokaci. Ba a shiga aji sai an gama tatsa. Gidan da ke da 'ya'ya maza biyu suna karɓa-karɓa, yau wannan ya tafi kiwo, gobe ɗan'uwansa. Malami ɗaya gwamnati ke biya. Na biyun ɗan rugar ne da ya gama sakandare, iyaye ke haɗa masa ɗan abin sayen sabulu duk wata, kuma shi ne ke fara wa ƙanana karatu da Fillanci kafin a shiga Hausa da Turanci.

Wanda ya zauna a darasinsa na lissafi zai ga inda basirar yaran take. Ba ya cewa a cire bakwai daga talatin. Yakan ce garke na da shanu talatin, bakwai sun tsaya a mashaya, nawa suka iso? Kafin ya rufe baki hannaye sun tashi. Yaron da ya san kowace saniya da sunanta da launinta da uwar da ta haife ta, ba ƙidaya ce za ta gagare shi ba. Abin da ke gagararsa shi ne zama a aji da yunwa.

A nan ne tsohuwar al'adar Fulani ta habbanaye ke shigowa. Mai shanu yakan ɗauki karsana ya danƙa wa wanda ya rasa. Ta zauna a hannunsa, ya yi kiwonta, iyalinsa su sha nononta, har ta haihu sau biyu ko uku. 'Yan maruƙan nasa ne, uwar kuma ta koma wa mai ita. Ba takarda, ba riba, sai shaidar dattawa da kunyar cin amana. A wannan ruga an ƙara wa al'adar sharaɗi ɗaya: gidan da aka ba karsana, yaransa za su riƙa zuwa makaranta. Wata bazawara mai marayu huɗu na cikin waɗanda suka amfana. Da asuba za ka same ta durƙushe a gefen saniyar, ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, ƙaramin ɗanta riƙe da maraƙi kada ya kai baki, manyan biyu kuwa sun rataya jakar buhu suna jiran rabonsu kafin su wuce aji. Al'adar habbanaye ta yi tasirin da har ƙungiyoyin agaji a Jamhuriyar Nijar suka are ta, suna raba wa mata awaki, ciki har da jar akuyar Maraɗi, a kan wadda ta samu 'ya'ya ta miƙa wa maƙwabciyarta.

Mata ma suna da nasu. Ranar kasuwa, bayan an sayar da kindirmo da man shanu, sukan yi zubin adashe. Kwasa ɗaya a kowane zagaye ba ta kowa ba ce, ta makaranta ce: littafin rubutu, fensir, silifas, da kuɗin babur idan zazzaɓi ya kama yaro aka nufi asibiti. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ciyar da 'yan firamare a 2016 a kan naira 70 kowane yaro, amma rugar da hanyarta ke yankewa da damina ba ta iya dogara da abin da zai zo daga gari. Don haka iyaye mata ke dama kunu da nono bi da bi, kuma ranar da aka dama ba a rasa yaro a aji.

Duk da haka, aiki na nan jibge. Da rani ya tsananta aka tashi neman ciyawa da ruwa, rabin ajin kan bi shanu. Yaron da ya gama aji shida ba shi da sakandare kusa, yarinya kuwa sau da yawa aure ke biyo baya. Tsoron masu garkuwa da mutane ya sa malaman gari ba sa son kwana a daji.

Waɗannan sun fi ƙarfin karsana da adashe, kuma a nan ne ake buƙatar hukuma da masu hannu da shuni. Rijiyar burtsatse da madatsar ruwa za su rage tafiyar rani. Ɗaukar 'ya'yan ruga aikin koyarwa da cikakken albashi zai magance guduwar malamai. Sakandaren kwana mai tsaro za ta ba 'yan mata hanyar ci gaba. Mutanen da suka iya ba maƙwabci saniya kan amana kawai sun riga sun nuna sun san yadda ake riƙe marayu da marasa ƙarfi. Duk mai son taimaka musu ya fara da zama a gaban arɗo da matan adashe, ya ji inda ƙarfinsu ya tsaya, sannan ya ɗora daga nan.